Ƙwayar Hana Tsufa ta Dokta Abdussamad

Dokta Abdussamad ya ce shekarunsa saba'in da huɗu a duniya, kuma bai san yadda ciwon gwiwa yake ba. Ya ce haƙoransa duk nasa ne, yana zura zare a allura ba gilashi, kuma likitocin Indiya sun taɓa tare shi a filin jirgi suna roƙon ya bar musu jininsa ko cokali ɗaya ne. Duk wannan, in ji shi, albarkacin wata ƙwaya ce ruwan ɗorawa da yake sha safe da yamma, wadda cikin ikon Allah shi ne kuma mai sayar da ita.

Ba shi da shago. Gidajen hajiyoyin Dutse yake bi duk Asabar, farar rigar asibiti a kan shadda, abin awon ƙirji rataye a wuya wanda ba a taɓa ganin ya sa shi a kunne ba. Gemunsa baƙi wuluk, sai ɗan layin furfura a tsakiya, miƙaƙƙe kamar da rula aka ja shi. Masu gida ba sa hana shi shiga. Ai tsoho ne.

Shamsiyya tela ce, kuma da ya tsaya a kan masu kuɗin ɓatarwa da ba ruwanta. To amma ya taɓo mahaifiyarta. Inna Kaltumi ta haura sittin, ta daɗe da hawan jini, kuma maganin asibiti ya riƙe ta lafiya lau har ranar da Dokta ya ce mata maganin ne yake sa wa jini tsatsa, ba a haɗa shi da ƙwayarsa. Inna ta tattara na asibitin ta cusa a ƙarƙashin katifa. Tun daga nan jiri yake ɗibarta in ta miƙe, ƙeyarta tana sara, ƙafa ta kumbura har silifa ya daina shiga.

"Inna, wannan fa jinin ne ya hau."

"Tsufan ne yake fita. Dokta ya ce ta ƙafa yake bi."

"Ya kai wata biyu yana fita. Ƙofar ce ta yi masa kaɗan?"

"Ke dai bakinki ya fi almakashinki kaifi. Kin gan shi kuwa? Mutumin da ya girme ni da shekara goma, ya hau babur ba tare da ya dafa kowa ba."

Shamsiyya ta ga yadda shanyewar ɓarin jiki ta yi wa goggonta a Jahun, baki a karkace, ana juya ta kamar waina. Don haka da Asabar ta zo, ta rufe shago da ɗinkin mutane a kan keke, ta bi Inna gidan Hajiya Mahbuba, inda za a yi laccar ranar.

Mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi. Dokta ne kaɗai a kan kujera. Ya ciro igiyar takalmi daga aljihu ya ɗaga sama.

"Jikin ɗan Adam ƙananan ƙwayoyin halitta ne," ya ce. "Kowace tana da zare a ciki, kuma bakin zaren yana da ɗan murfi kamar na igiyar nan. Duk sanda ƙwaya ta rabu biyu, murfin ya ɗan cinye. In ya ƙare, zare ya warware. Wannan shi ne tsufa. Turawa sun yi shekara ɗari suna nema, ni a wata shida na gano."

"Allahu Akbar," in ji matan.

Abin haushin shi ne, zancen igiyar ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Shamsiyya ta duba a waya, ta ga wani abu mai kama da haka. Abin da ba ta gani ba shi ne inda aka ce maganinsa yana cikin jakar wani mutum a Dutse.

Ta ɗaga hannu.

"Malam, ina da tambaya."

"Dokta."

"To. Wannan ƙwayar, me aka sa a ciki?"

"Sirri ne."

"Wa ya gwada ta?"

Ya buga ƙirji. "Ga gwaji a gabanki, 'yata."

"Uwata ta daina shan maganin hawan jini saboda kai. Dubi ƙafarta. In ta faɗi, kai za ka dinga juya ta, ko igiyar takalmin?"

Wuri ya ɗauki salati. Hajiya Mahbuba ta ce ita a gidanta ba a yi wa manya tsawa. Wata ta ce 'yan matan yanzu waya ta cinye musu kunya. Wata daga baya ta ce ai shi ya sa har yanzu take gida.

Dokta bai ɗaga murya ba. Ya girgiza kai a hankali, irin na wanda ya ga duniya.

"Ku ƙyale ta. Ina da jika sa'arta. Lokacin da nake karatu ko ubanta bai san hanyar makaranta ba." Ya fara mayar da robobin ƙwayar cikin jaka. "Amma gidan da aka zage ni, ba na ƙara ba su magani." Ya dubi Inna. "Baiwar Allah, ki koma wa na asibitinki."

Da ma abin da Shamsiyya take so ke nan. Sai dai Inna ba ta ji shi a matsayin albishir ba. Ta rarrafo da kumburarriyar ƙafarta har gaban kujerar, ta durƙusa, gwiwoyinta suka yi ƙara kowa ya ji.

"Yaya, ka yi haƙuri. Yarinya ce. Don girman Allah kar ka yanke min."

"Inna, tashi."

"Rufe min baki. Zo ki durƙusa ki ba shi haƙuri."

Shamsiyya tana tsaye, tana jin idon kowa a kanta, sai aka rafka sallama daga zaure, irin sallamar da ba ta jiran amsa. Wata mata ce gajera mai ƙiba, ba za ta wuce arba'in da biyar ba, mayafi a kafaɗa, tana haki. Zulfa ce, 'yar Garki, wadda ta kawo wa Shamsiyya ɗinkin biki. Ta je shago ta tarar da kwaɗo, maƙwabta suka nuno mata gidan.

"Ke Shamsiyya! Tun daga Garki na biyo mota, gobe ɗaurin aure, ki rufe shago ki zo nan ki..."

Ta tsaya. Ta ƙanƙance ido tana kallon kujera. Sai ta tafa hannu ta fashe da dariya.

"La ila! Ɗanladi? Ɗan Goggo! Bawana, kai ne a nan? Wa ya ara maka rigar malaman asibiti?"

Ashe taubashinta ne, ɗan ƙanwar babanta, kuma tsakanin taubasai ba a san wani abu wai shi girma ba.

"Hajiya, kin yi kuskure," in ji Dokta. Muryar ta ɗan sirance. "Kama ce."

"Kama? Ni za ka gaya wa kama? Ga tabon murhu nan a bayan kunnenka. Goggo tana can tana cewa kana Kano kana sayar da cajar waya." Ta matso ta leƙa fuskarsa. "Kai, me ka shafa a gemu? Alli?"

Babu wadda ta yi salati wannan karon. Inna Kaltumi tana nan a durƙushe, robar ƙwaya a hannunta. Ta juyo a hankali.

"'Yar nan, kin ce kin san shi?"

"Inna, ni na goya shi. Gidanmu aka kawo shi yaye, ya hana mu barci da kuka."

"Yaushe?"

"Shekarar da aka ba mu jihar Jigawa. Ina goye da shi aka faɗa a rediyo."

Inna ta ƙirga shekarun, leɓenta yana motsi. Ta ajiye robar a ƙasa kusa da takalminsa, ta miƙa wa Shamsiyya hannu.

"Tayar da ni. In mun je gida ki ɗaga min katifar nan."

Sai da ta miƙe tsaye, ta gyara zani, sannan ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Shekarar na yaye Abdulrauf," ta ce. "Ɗana na uku."