Nauyin Bajimin Bappa

Takardu biyu Salisu ya zo da su gida Gammo ranar Juma'a. Ɗaya in ya sa mata hannu, watan gobe zai karɓi difilomarsa ta kiwon lafiyar dabbobi. Ɗayar kuwa za ta riƙe shi wata shida yana bin likita ruga-ruga. Litinin makaranta ke son amsa. Shi ta farkon ya zaɓa, don wani mai shagon maganin dabbobi a Gwarzo ya ce zai ɗauke shi aiki, amma ba zai jira ba.

Bappa Bashari, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, ya saurare shi. Washegari da hantsi sai ya miƙo masa sirinji da kwalbar maganin tsutsa, ya nuna farin bajiminsa.

"Likita, ga marar lafiyarka."

Salisu ya karanta jikin kwalbar. Awon maganin da nauyin dabba yake tafiya.

"Kilo nawa ne, Bappa?"

"Ni kake tambaya? Ni na yi shekara biyu a makaranta?"

"A can muna da sikeli."

Gwaggo Sa'a tana wanke ƙwarya, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Bari a aro maka na mai nama."

Salisu ya tuna an koya musu auna ƙirjin sa a fitar da nauyinsa. Ya karɓi tef ɗin ɗinkin Gwaggo. Sau biyu bajimin na juyo masa da ƙaho. A karo na uku ya tsaya, sai ga shi tef ɗin bai kai ya zagaye ƙirjin ba. Salisu ya yi tsaki, ya kintata, ya zuƙi maganin.

Bappa ya karɓi sirinjin ya duba.

"Wannan ai na maraƙi ne. Tsutsa ta sha ta yi maka godiya."

Ya shafa haƙarƙarin bajimin, ya dafa tozonsa, ya ƙara zuƙa, ya tsira masa allurar.

"Nan ma kana ganin bajimin ke nan. A shago mutum zai zo maka shi kaɗai, ya ce saniyarsa ba lafiya. Nawa za ka ce ya ba ta?"

"Bappa, ni fa ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Ba wanda ya nuna mana wannan. Kuma in na tsaya, aikin nan ya tafi."

"Ya tafi kam," in ji Bappa, yana kwance igiya.

Ranar Litinin Salisu ya daɗe tsaye a ƙofar ofishin makaranta kafin ya miƙa takarda ta biyu. Ya kira mai shago don ya ba shi haƙuri. Mutumin ya ce ba komai, dama akwai wani da ke jira.

Ya kashe wayar. Da zai sa ta aljihu sai ya ji tef ɗin Gwaggo a ciki, ya ƙara jan tsaki.