Furen da Ya Biyo Tayar Mota

Mai Zuma bai yarda da furen nan ba tun ranar da ya fara ganinsa. Shuɗi ne, da ɗigon fari a tsakiya kamar ido. A bakin kwata ya tsiro, daidai inda ƙanin matarsa, direban babbar mota, yake wanke tayoyi idan ya dawo daga doguwar tafiya. Akuya ta shinshina shi ta wuce. Cikin shekara biyu ya cika kwatar, ya zagaya katanga, ya bazu har gindin itatuwan da Mai Zuma ya ɗaura amyoyinsa bakwai.

Sai zuma ta yi duhu, da ɗan ɗaci a maƙogwaro.

"Kai ka kwaso mana shi," ya ce wa direban.

"Ni siminti nake ɗaukowa, Yaya. Ban ga lokacin da ya hau ba."

"Abin da ba shi da suna, akuya ma ta ƙi shi, me ya zo nema?"

"Ƙudanka dai ba su ƙi shi ba."

Wannan ma ya fi damunsa. Yakan tsaya yana kallon ƙudan zuma suna cusa kai cikin furen, su daɗe, su fito suna tangaɗi. Zuciyarsa ta ba shi lallai akwai abin da ake ɗirka musu a ciki. Ya wasa lauje.

Matarsa ta ce, "Maigida, ruwa ya ɗauke, kowane fure ya bushe sai shi. Ka bari itatuwa su yi nasu tukuna."

"Haka mugun baƙo yake. Da alheri yake farawa."

Kwana uku yana yanka. Bai bar ko reshe ba, ya kai can nesa ya ƙone. Filin ya yi fes, ƙudan suka yi ta shawagi a kan busasshiyar ƙasa.

Bayan mako biyu, da hantsi, ya ji ƙugi. Ya ɗaga kai ya ga baƙin gungun ƙudan zuma ya haye rufin gida, ya yi gabas. Ya hau itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasa amya. Biyar sun amsa masa kamar ganga. A ciki sai busasshiyar saƙa.

Ya sauko da ƙyar, ya sami matarsa tana shanya.

"Kin gani ko?" ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Duk da na yanke shi, sai da ya tafi da su."

Ta matse riga, ta ce ya matsa, ya tare mata igiyar shanya.