Asusun 'Yan Kokawar Tafashiya

Tun shekarar da Turawa suka fara ɗiban mutane aikin haƙar kuza, Dawuda ke riƙe da asusun 'yan kokawar Tafashiya. Bai nema ba, samarin ne suka ɗora masa don ba ya caca. In an gama kaka sanyi ya shigo, kowa ya kawo abin da ya samu, wani kwabo, wani damin gero. Da shi ake sallamar makaɗa, a ciyar da baƙi.

A shekarar nan 'yan Kusada ne za su zo. Bara su suka sauke 'yan Tafashiya a garinsu, har rago suka yanka musu, rama karamcin ya zama dole. Dawuda ya riga ya aika musu da goron gayyata.

Ana haka mai gari ya fara karɓar haraji. Gajere, wanda ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, gonarsa ba ta yi ba. Ya zo ya tsuguna a ƙofar gidan Dawuda.

"Yaya, in ban biya ba kafin kasuwar Kankiya, cikin masu tahiya kuza za a sa ni."

"Kuɗin ba nawa ba ne, Gajere."

"Na sani. To in na tahi, wa zai kama da 'yan Kusada?"

Dawuda ya tara samari. Wasu suka ce a ba shi, wasu suka ce su ma da kyar suka biya nasu. Aka yi ta musu, ƙarshe suka miƙe suna cewa, "Kai ne ma'aji, yadda ka gani."

Dawuda ya biya wa Gajere harajin daga asusun. Abin da ya saura bai isa ko makaɗa ba, sai ya buɗe rumbunsa. Matarsa Kubura tana tsaye da taɓarya a hannu.

"Malam, wannan fa cimar damina ce."

Bai iya kallonta ba. Ya ci gaba da zaro dammuna.

Aka yi kokawa, Gajere ya kayar da gwanin Kusada, gari ya ɗauki guɗa. Washegari Dawuda ya kai wa samari gwangwanin asusun, babu ko anini, ya ce su nemi wani ma'ajin. Kowa ya sunkuyar da kai.

"Haba yaya," in ji Gajere, "wa zai iya in ba kai ba?"

Dawuda ya daɗe a tsaye. Da ya ga ba mai miƙo hannu, ya sa gwangwanin a aljihu ya nufi gida.