Dafi a Bakin Harsashi

Shekarar da shinkafarmu ta fi kyau, ita ce shekarar da dorina ta tare a tafkin bayan ƙauyenmu, gabas da Haɗejiya. Kullum gari ya waye sai mu tarar ta share wani gefen gonar. Wannan gonar kuwa ita ce abincinmu na shekara, ba mu da wata.

Ban daɗe da dawowa daga makarantar 'yan mata ta Kano ba aka yi mini aure. Sunana Zinariya, amma a garin 'Yar Boko ake kirana, ni kuma ina amsawa da ƙarfi. Mijina Ari tsohon soja ne, ya yi yaƙin Bama a rundunar Turawa. Da ya dawo aka ba shi lasin riƙe doguwar bindiga saboda namun da ke ɓarna. Harsashi sai da takardar izini, 'yan kaɗan, kuma ba a ƙarawa sai shekara ta zagayo.

Maharba sun riga sun tsokani dorinar da kibau, ta yi wayo. Da rana can tsakiyar tafki take tsayawa, ido da kunne kawai a waje. Ari ya ce mini daga gaɓa zai iya samunta, domin harsashinsa yana da riga ta jan ƙarfe har baki. Rigar ce ke sa shi tafiya sak, ita ce kuma ke fasa ƙashin kai.

Surukina, Baba Kolo, shi ne Sarkin Baka. A wajensu ba a sakar wa babban nama makami sai an shafa masa dafi. Na kai ruwa zaure na tarar da shi da zarto, yana goge bakin harsasan ɗaya bayan ɗaya har dalma ta bayyana, yana cusa dafin kibiya. Ari na zaune, kansa a ƙasa. Suruka ba ta magana a irin wannan wuri. Na yi.

"Baba, a bar ko biyu ne. In aka cire rigar, a fata zai tarwatse."

Bai dube ni ba. "Ari, a makarantar tasu har dorina ake koya musu? Ko Baturiya ce ta harbo musu ɗaya a aji?"

Maharba suka kwashe da dariya.

"Maigida, faɗa masa abin da ka faɗa mini mana."

"Shiga gida," in ji Ari. Ya sani sarai. Amma ba zai gyara wa ubansa magana a gaban mutane ba.

Da hantsi ya harba. Na farko ya kauce, ya tayar da ruwa can gefe. Na biyu ya same ta a ka, ta yi jini, ta nutse. Baba Kolo ya ce dafi ya shiga, a bi ta da kwalekwale yadda ake bin naman da aka yi wa kibiya. Da Ari ya ga tsohon zai shiga, sai ya ajiye bindiga a gaɓa ya shiga a madadinsa. Dorinar ta taso ta ƙarƙashinsu. Masunta ne suka jawo shi, cinyarsa a karye.

Ta ci gaba da cin shinkafa, yanzu har da korar duk wanda ya kusanci gonar. Sauran harsasan duk gogaggu ne.

Na ɗaura lasin a ka na fita neman takardar izinin ƙarin harsashi. Ruwa ya cinye hanya, sai na haye a kan gora irin na masunta, ina iyo da hannu. A Haɗejiya akawu ya ce sai mai lasin ya zo da kansa. Na ce mai lasin ba ya iya zama ma. Ya ce ba ruwansa. Na zauna a bakin ofis, kullum in zo da safe, in kwana wajen wata mai sayar da fura. Ranar da Baturen ofishin ya fito shi kaɗai, na tare shi da Turanci, na ɗora masa gogaggen harsashi a tafin hannu. Ya jujjuya shi, ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Na ce dangina ne, kuma ban zo ƙara ba. Ya sa hannu a takardar.

Daga nan na taka zuwa Malam Madori, inda kantin da ke sayar da harsashi yake a bakin tashar jirgi. Babu irin namu, sai jirgin Kano ya zo. Na jira. Ƙafafuna suka kumbura har zobe ya ƙi fita daga yatsan ƙafa, ban yi wa kowa kuka ba.

Da na dawo da sababbin harsasai, Baba Kolo na zaure da zartonsa.

"Sannu da hanya. Kawo su nan. Wancan karon dafin ne ya yi kaɗan."

"Ba zan bayar ba, Baba."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Kai nake gaya wa. Ka yafe ni."

Na wuce su da ƙullin harsasan a ƙirjina. Aka ɗauki Ari a kan gadon kara zuwa gaɓa, na kifa masa turmi ya ɗora bakin bindigar. Zufa ta jiƙa shi sharkaf saboda ciwo. Harsashin daga hannuna ya tafi hannunsa, bai bi ta wajen kowa ba. Ya daɗe yana saiti, har na ɗauka ya suma. Sannan ya harba. Kan dorinar ya yi baya, ta nutse ba ko fantsama.

Wajen la'asar ta taso, ciki a sama. Baba Kolo ya gaya wa mahauta cewa dafinsa ne sai yanzu ya gama aiki. Ni kuwa na tafi duba gona.

Abin da ya rage bai kai rabi ba. Ni na yanke shi tare da matan gidan, Ari na kwance. Muka riƙa haɗa shi da 'ya'yan bado da kifi busasshe, ya kai mu har sabon gero.