Kukan Babur Ɗina

Ni Bunyaminu, kowa a cocinmu na Bagudo ya san ni ke ɗauko Inna Jummai, tsohuwar nan makauniya, duk ranar Lahadi. Abin da ba su sani ba, ba na isowa da ita sai an cika. In tsaya daidai bakin ƙofa, in riƙe mata hannu, ga salansar babur ɗina a fashe, dole kowa ya waiwayo. Kujerar dattijon ikilisiya nake so, ba wani abu ba.

Wata ranar kasuwar Lolo, ina dawowa da tsakar rana, bayana babu kowa, sai ga Inna a bakin titi da sandarta da ƙullin kaya, tana jiran mota. Na rage gudu. Na duba gabas, na duba yamma, ba ɗan cocinmu ko ɗaya. Kai, na ja wuta na wuce! Na ce a raina ai ba ta gani.

Ranar zaɓe Fasto ya yi wa'azi cewa Allah zuciya yake dubawa, na fi kowa ɗaga murya da amin. Sannan ya tambaya ko akwai mai shaida a kaina. Inna ta dafa sanda ta miƙe.

"Shekara biyu yaron ga bai bar ni na taka ƙasa ranar Lahadi ba," in ji ta. "Ku ba shi."

Aka tafa, aka ba ni. Har da sunkuyar da kai na yi, wai ni mai tawali'u.

A hanyar mai da ita gida ta dafa kafaɗata.

"Ɗana, ka gyara salansar ga. Ko cikin babura ɗari ina gane kukanta. Ran kasuwar Lolo ma na ji ta, har na ɗauki kayana."

Na tsaya gefen hanya. Kunya ta rufe ni, na kasa ko waiwayawa.

"Inna, to don me kika yi mini shaida?"

"Ai ban yi ƙarya ba. Lahadi na ce." Ta gyara zama. "Sauran kwana shidan, ba ni zan tambaye ka ba. Mu tafi, rana na duka na."