Shafi na Goma Sha Ɗaya

"Sake faɗa," in ji Thuc. "Ƙila kunnena ne."

"Na share, Yaya."

"Da me?"

"Da kilina."

Suna tsaye a matakalar wani tsohon bene a Hanoi, tsakanin hawa na biyu da na uku. Dinh na rungume da akwatin gogensa. Thuc, 'yar malaminsa, tana riƙe da littafin a buɗe, tana karkata shafin wajen taga ko fensirin ya bar sawu. Bai bari ba. Dinh ya riga ya duba da fitila, ya duba da rana.

Littafin kiɗa ne na goge shi kaɗai, ba mai raka shi. Malam Khue ya zo da shi daga Mosko yana saurayi. A saman alamomin sauti akwai lambobi da fensir, ɗaya zuwa huɗu, yatsan da za a danne tsirkiya da shi. Malamarsa ce ta rubuta, wata tsohuwa Zinaida, yadda nata malamin ya koya mata. Ba wanda ya taɓa naɗar kiɗanta. Lambobin nan ne kaɗai suka rage.

Wata uku da suka wuce Malam ya ara wa Dinh littafin saboda gasa. A shafi na goma sha ɗaya tsohuwar ta tsare hannu a kan tsirkiya guda, yana hawa, yana zamewa. Dinh ya gwada kwana biyu ya gaji. Ya ga wani matashi a waya yana tsallakawa zuwa tsirkiyar kusa, cikin sauƙi, tas. A ƙungiyar makaɗan da yake aiki, duk wanda aka miƙa wa takarda sai ya share rubutun na gabansa ya sa nasa. Haka ya yi. Yana yi yana jin kansa wayayye.

Thuc ta tambaye shi ko hoto bai ɗauka ba, shi da ko kwanon taliya ba ya ci sai ya ɗauke shi hoto. Ya ce bai ɗauka ba. Ta ce to ya rubuta daga ka. Ya ce bai haddace ba.

"Na nawa ma ka zo a gasar?"

"Na huɗu."

"Ka share matar da ta mutu don ka zo na huɗu."

Ya ce zai faɗa wa Malam da bakinsa. Ta rufe littafin ta dangwara masa a ƙirji. Ta ce tun da tsohon ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye, ido ma ya tafi, likita ya hana a tayar masa da hankali. Yau ranar tunawa da rasuwar tsohuwar ce. Ta ce ya shiga, ya yi kiɗa, ya ci kaza, ya tafi. Bakinsa ya bar shi a nan matakala.

Ɗakin na ƙamshin turaren tsinke. A kan teburin magabata akwai ayaba, shinkafa mai danƙo, dafaffiyar kaza, da hoton tsohuwar kusa da na iyayen Malam. Malam na kujera, hannunsa na hagu a naɗe bisa cinya. Ya karɓi littafin da dama, ya shafa bangonsa, ya sa Thuc ta ɗora shi gaban hoton.

Ya ce ya ji labarin gasar. Na huɗu ba abin kunya ba ne, alƙalan nan ƙarar babura ta cinye musu kunne tuntuni. Ya yi dariya shi kaɗai. Ya ce cikin ɗalibansa duka Dinh kawai ya taɓa bari ya fita da littafin daga gidan.

Dinh ya kalli ƙasa. Ya ɗaure bakan goge, ya daidaita tsirkiya.

Ya fara. Tsaye, ba takarda. Kiɗan ya tafi lafiya, har maƙwabciya ta rage rediyonta. Da ya iso wurin da ya share, yatsunsa suka bi hanyar da suka saba. Suka tsallaka. Sautin ya fita tas.

Malam ya ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗana. Ba haka ba."

Bakan ya tsaya.

"Ka yi shi da kyau. Kyan ya yi yawa. A nan ba ta yarda a tsallaka. Cewa take dole mai saurare ya ji yatsa na shan wuya."

Malam ya so ya nuna. Ya kalli inda hannunsa na hagu yake, ya jira. Yatsun ba su motsa ba. Ya ce da can ko a barci aka tashe shi zai faɗi lambobin, amma tun faɗuwar nan abubuwa sun riƙa zubewa daga kansa. Ba komai, shi ya sa ake rubutawa. Ya ce Thuc ta sauko da littafin ta ba Dinh.

Thuc ta daɗe kafin ta isa teburin. Ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

Dinh ya buɗe. Lambobinsa ne, manya, baƙaƙe, a kan takardar da ta yi fari-fari.

Malam ya karkato da kunnensa mai ji.

"Layi na uku, inda ake hawa. Me ta sa a nan, biyu ko huɗu?"