Zanen Goyon Taibatu

Duk yarinyar da aka yaye a danginmu, daga Maradun har Bakura, ta hannun Inna Nagode take biyowa. A kawo ta Talata Mafara tana tsala ihu, a mayar da ita da kumatu da 'yar tsana a goye. Ni ce autar Inna, Hindatu. Aurena ya mutu na dawo gida, saboda haka ni ce mai zura mata zare a allura. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu, ko maganin hawan jininta sai na ɓare mata, amma in ta kama ɗinki sai ka rantse aron hannu ta yi. Da safe saƙar faifai, in rana ta yi ta koma kan 'yan tsana, wata da ƙashin ragon layya, wata da kara, wata da auduga. Ta yi musu kitso da baƙin zare, ta ɗaura musu jigida. Ido ne kawai ba ta sa musu. In yara sun tambaya sai ta ce ba da gani ba aikinta ba ne.

Husna ce ta zo ta gagare mu. 'Yar yayata Taibatu ce, mai aure a Dakko. Ciki ya shigo wa Taibatu tun yarinyar ba ta isa yaye ba, ya kuma zo da laulayi mai kwantarwa, dole aka cire ta daga nono aka kawo mana. Da farko ta yi kuka, wannan mun saba. Shirun da ya biyo baya ne ba mu taɓa gani ba. Ba kunu, ba fura, ba ɗan dankalin da na murje mata da mai. Ta datse baki ta kau da kai, sai ɗan ruwa. Inna ta jera mata 'yan tsana masu kitso da jigida, ko kallo ba su ishe ta ba.

Na kai ta asibiti. Suka auna damtsenta, suka ba mu madarar gyaɗar nan ta masu tamowa, suka ce in kasuwa ta zagayo ba ta fara ci ba, kwantar da ita za a yi a sa mata roba ta hanci. A kan mashin na yi ta kuka har gida. Tsoro ya kama ni sosai, don na ga wuyan yarinyar ya fara gaza ɗaukar kanta.

Inna ta daɗe tana kallonta a kan tabarma. Can ta ce, "Kira mutanen Dakko. Ki ce a kawo min zanen da uwatta ka goyonta da shi. Wanda ag ga jikinta, kada a wanke."

Na kira Abdulmumini, mijin Taibatu, na faɗa masa yadda aka faɗa mini, har na maimaita. Ya ce to.

Washegari da hantsi sai ga shi. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Inna, kai a ƙasa.

"Inna, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiyar hanya?"

"Babu gajiya."

"Ya ruwa? Ya mutanen gida? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi, Inna, tana gaishe ku."

Aka gaisa har aka gaji, sannan ya turo wata leda gabana. Ina buɗewa na ga turmin atamfa sabo fil, ko takardar jikinsa ba a ɓare ba. A shagon bakin tasha ya tsaya ya saya. Wallahi da ba mijin yayata ba ne, da atamfar zan kwaɗa masa a ka. Yarinya na kwance kamar tsumma, shi kuma yana neman fita kunyar suruka.

Inna ba ta yi wa suruki faɗa, ko sunansa ba ta kamawa. Sai ta ɗauki wata 'yar tsana da ke cinyarta, ta ɗaga ta saitin fuskarta, ta fara yi mata magana.

"Ke wagga, an aike ki ɗauko tsumma, kin tahi kin kwaso kayan biki. Jinjiri ya san atamhwa? Da hanci yaka neman uwatai, ba da ido ba."

Abdulmumini ya ƙara sunkuyawa. Ya ce, "Inna, kunya nij ji. Zanen ya ƙoƙe, ga nason nono, ga hwitsari. Ban iya kawo muku shi hakanan."

Inna ba ta dube shi ba. Ta ce wa 'yar tsanar, "Hwaɗa mai, abin da yaj ji kunyatai shi muka bida."

Ya miƙe ya fita, sai da na bi shi da hularsa.

An yi ruwa a hanya. Bayan la'asar ya dawo da laka har gwiwa, ya zaro ledar daga cikin rigarsa inda ya ɓoye ta don kada ta jiƙe. Zanen kam abin kunya ne, na yarda da shi a nan. Ya koɗe har ba a gane zanen jikinsa, bakinsa ya zare. Amma da aka buɗe ledar sai ɗakin ya cika da Taibatu: nono, man kaɗanya, hayaƙin kara, zufa. Ni da nake babba sai da na waiwaya ƙofa.

Inna ta hana ni taɓawa, wai hannuna na ƙamshin sabulu. Ita ma da ruwa zalla ta wanke nata. Ta shinshina zanen ɓangare-ɓangare har ta samo wurin da ake ƙullewa a ƙirji, inda nono ya fi zama, ta kama da haƙori ta yage. Da wannan ta yi kan sabuwar 'yar tsana. Sauran ta yayyaga ta cakuɗa da auduga ta cusa a ciki. Ina ganin allurar na kuɓuce mata, tana cije leɓe tana sake kamawa. Na ce ta kawo in ƙarasa mata, ta harare ni. Ba kitso, ba jigida, hannu ɗaya ma ya fi ɗaya tsawo. Tun da nake ban taɓa ganin Inna ta yi mummunar 'yar tsana irin wannan ba.

Ba ta miƙa wa Husna ba. Ta ajiye ta a gefen tabarma, ta juya baya, ta ɗauki faifanta. Ta ce da ni, "Ke ma kau da idonki."

Na kau da kai, amma ta wutsiyar ido nake kallo. Husna na kwance, idonta a rufe. Sai na ga hancinta ya motsa. Ta buɗe ido, ta dubi ƙofa, ta dubi bayan Inna. Sannan ta ja ciki a hankali, ta kai hannu, ta jawo abin ta kifa fuskarta a kai. Kukan da ta ɓoye mana duk kwanakin nan ya ɓalle. Na zabura zan ɗauke ta, Inna ta tare ni da faifai ba tare da ta juyo ba.

Kukan ya yi ta raguwa har ya koma ajiyar zuciya. Da na sake dubawa, ta sa kan 'yar tsanar a baki tana tsotsa.

Abin da Inna ke jira ke nan. Ta matso da gindi, ta lakato madarar gyaɗar a ɗan yatsa, ta shafa a gefen kan 'yar tsanar, dab da leɓen Husna. Yarinyar ta tsaya, ta ɓata fuska. Sai ta ci gaba da tsotsa, na ga maƙogwaronta ya motsa. Inna ta ƙara shafawa. Ta ƙara. Ban san sau nawa ba, sai gani na yi yatsan nan mai lanƙwasa ya wuce 'yar tsanar, Husna ta buɗe masa baki.

Tsohuwar da nake yi wa mita kullum kan ta cika gida da tsummoki, yau na zauna ina kallonta kamar ban taɓa saninta ba.

"Tashi ki ɗora kunu, mai ruwa-ruwa," in ji ta, ƙasa-ƙasa. "Kada ki yi gudu."

Na fita a hankali. A zaure na iske Abdulmumini tsugune inda na bar shi, lakar ta bushe a ƙafarsa. Ya ji kukan, ya kuma ji shirun, bai san wanne ne ya fi muni ba. Ya ɗago ya dube ni. Na gyaɗa masa kai.

Ya laluba aljihu ya ciro waya, ya kira, ya kai kunne. Sai ya miƙo mini. Muryar Taibatu na ciki, a gajiye, tana ta tambayar ko lafiya.

Na ce, "Yaya, tana ci."